Zanen da Hayaƙi Ya Yi da Kansa

A shekarar 2015 mutanen birnin Beijing na ƙasar Sin sun riƙa ganin wani saurayi yana tura ƙaton injin zuƙar ƙura a kan titi, irin wanda ake share masana'antu da shi. Abin da ya ɗaure musu kai shi ne ba ƙasa yake sharewa ba. Sama yake ɗaga bakin tiyon, yana zuƙar iska. Kullum sai ya yi wajen awa huɗu yana wannan yawo, ya bi ta gaban manyan gine-ginen birnin, har ya cika kwana 100. Sunansa Wang Renzheng, kuma mai fasaha ne. Da kwanakin suka cika sai ya zazzage abin da injin ya tara, ya kai wurin masu yin tubali, aka cuɗa da yumɓu aka gasa, aka fito da tubali guda ɗaya.

Da a unguwarmu ya yi wannan aiki, na tabbata kafin kwana uku yara sun fara binsa da tafi, manya kuma su ce a kai shi a yi masa addu'a. Can ma bai tsira daga masu suka ba. Wasu sun ce ai ƙurar da ya tara ba ta wuce giram 100 ba, sauran tubalin duk yumɓu ne. Gaskiya suka faɗa. Amma hoton tubalin nan ya zaga duniya, kuma duk wanda ya gan shi ya gane saƙon ba tare da an yi masa lacca ba: abin da kake shaƙa yana da nauyi, ana iya tara shi, har a riƙe shi a hannu. A watan Disamba na wannan shekarar ne hukumomin Beijing suka fitar da gargaɗi mafi tsanani game da gurɓatar iska a karon farko, aka ce yara su zauna a gida kada su je makaranta. Ba tubalin ne ya sa ba, hayaƙin ne ya yi ƙamari. Sai dai a lokacin mutane da yawa sun riga sun sami hoton da za su tuna idan aka ambaci matsalar.

Ni malamin kimiyya ne, kuma a cikin darussan da nake koyarwa babu wanda ya fi na gurɓatar iska saurin shiga ta kunnen dama ya fita ta hagu. Ku da kanku kun sani. Za ku haddace ma'anarsa, ku rubuta a jarrabawa, ku ci maki, sannan a tashi ku tsaya a bayan a-daidaita-sahu tana feso muku hayaƙi a fuska kuna ta hira. Ban ga laifinku sosai ba. Idan ruwa ya gurɓata za ka gani a kofi ka ƙi sha. Idan abinci ya lalace hanci zai faɗa maka. Iska kuwa ba ka da zaɓi a kanta. Ku ɗauki biro ku lissafa: mutum yana numfashi kamar sau 15 a minti ɗaya, ku ninka da 60, ku sake ninkawa da 24. Za ku sami 21,600. Sau nawa ke nan a rana kuke buɗe wa duk abin da ke yawo a sama ƙofa ya shiga ƙirjinku.

Kuma wanda ya fi illa a cikin abin da ke shiga ɗin shi ne wanda ido ba ya gani. Masana suna kiransa PM2.5, wato ɓurɓushin da faɗinsa bai wuce mikromita biyu da rabi ba. Silin gashin kanku ɗaya ya kai wajen mikromita 70, don haka sai an jera irin wannan ɓurɓushi kusan 30 kafin su kai kaurin gashi guda. Manyan ƙwayoyin ƙura gashin hanci da majina suna tare su, shi ya sa idan kun face da hunturu kuke ganin abin da kuke gani. Ƙananan kuwa wucewa suke yi har can ƙarshen huhu, mafi ƙanƙanta ma su ratsa cikin jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iska, ta waje da ta cikin gida, tana jawo mutuwar mutum kusan miliyan bakwai a kowace shekara. Na sha rubuta wannan adadi a allo, ban taɓa ganin ya sa wani ɗalibi ya gyara zama ba. Miliyan bakwai ta fi ƙarfin tunani.

Labarin yarinya ɗaya ya fi shi tasiri. Ella Adoo-Kissi-Debrah 'yar shekara tara ce, gidansu yana kusa da wani babban titi mai cunkoson motoci a kudancin Landan. Tana fama da asma mai tsanani, an yi ta kai ta asibiti, har ta rasu a watan Fabrairu na 2013. Mahaifiyarta ta shafe shekaru tana neman a sake bincike, sai a Disambar 2020 aka yanke hukunci cewa gurɓatar iska tana cikin abin da ya yi ajalinta. Ita ce mutum ta farko a Birtaniya da aka rubuta wa haka a hukumance. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne duk zaryar asibitin da aka yi, ba a taɓa zaunar da uwar an ce mata hayaƙin titin nan yana ƙara wa 'yarta ciwo ba. Na'urorin auna iska suna nan, alƙaluma suna nan a rubuce, amma ba su isa ga wadda ta fi kowa buƙatarsu ba.

Wannan giɓin ne masu zane da masu kimiyya suke haɗa kai su cike, kuma dabarunsu suna burge ni. A watan Maris na 2016 an ɗaura wa wasu tattabaru 'yan ƙananan jakunkuna a baya, a ciki akwai na'urar auna iska, aka sake su a sararin Landan na kwana uku, mutane suna bibiyar sakamakon a Twitter. Masu kiwon tattabaru a cikinku sai ku fara yi wa naku kallon ma'aikata. A birnin Delhi na Indiya kuma, a Nuwambar 2018, an kafa wani ƙaton huhu na roƙo a harabar wani asibiti. Da farin ƙyallen tace iska aka yi shi, aka sa masa fanka tana ja masa iska kamar mai numfashi. Fari fat aka kafa shi. Cikin 'yan kwanaki ya yi toka-toka, daga nan ya koma baƙi, masu wucewa suna tsayawa suna kallo. Gani ya kori ji.

Akwai wanda na ji kamar a gidanmu aka ƙirƙiro shi. Wani injiniya ɗan Indiya, Anirudh Sharma, shi da abokan aikinsa sun ƙera wani gwangwani da ake ɗaurawa a bakin salansar mota ko ta janareta, yana kama baƙin da ke fita. Sun sa masa suna Kaalink, kuma masu kallon finafinan Indiya sun san "kaala" baƙi ke nan a harshen Hindi. Sai a tace baƙin a cire gubar da ke ciki, a mayar da shi tawada, masu zane su yi aiki da ita a bango da takarda. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san yadda ake haɗa tawada da gawayi da ƙaro. Baƙin da ke cikin tawadar malam da wanda ke fita daga salansa asalinsu ɗaya, sinadarin kabon ne, ragowar abin da wuta ba ta cinye ba. Bambancin kawai, ɗaya ya sauka a allo, ɗaya yana neman huhu.

Ba duka nake yabawa ba. Wani mai fasaha ɗan ƙasar Holan, Daan Roosegaarde, ya gina hasumiya mai tsawon mita bakwai da ke zuƙar iska ta tace ta, ya fara kafa ta a Rotterdam a 2015, shekara ta zagayo ya kai ta Beijing. Dattin da ta tara har zobba ake yi da shi ana sayarwa. Abin yana da kyan gani, ba musu. Amma tace iskar birni guda da hasumiya ɗaya kamar kwashe ruwan Tiga ne da ludayi. Tsorona ga irin wannan shi ne kada mai kallo ya koma gida da tunanin cewa an samo injin da zai share ɓarnar, alhali motocin da masana'antun suna nan suna aikinsu.

Wadda ta fi amfanar da ni a aji ita ce Kim Abeles, wata mai zane a birnin Los Angeles na Amurka, domin aikinta ba ya buƙatar na'ura ko kuɗi. Tun 1987 take yanka hoto a jikin takarda, kamar yadda masu fenti suke yanka lamba su fesa a jikin mota, sai ta ɗora takardar a kan faranti ko gilashi ta ajiye a saman rufin gini. Hayaƙi da ƙurar birni su yi ta sauka ta cikin ramukan. Bayan kwanaki ta ɗage takardar, sai ga hoto ya fito. A 1992 ta yi hotunan shugabannin Amurka a kan faranti ta wannan hanya. Wanda take ganin ya kula da muhalli sai ta bar farantinsa kwanaki kaɗan, fuskarsa ta fito da haske. Wanda take ganin ya yi sakaci kuwa sai ta bar nasa ya daɗe, ya fito baƙi ƙirin. Ba ta zagi kowa ba, iska ta bari ta yi magana.

Shi muka kwaikwaya da 'yan ƙungiyar kimiyya ta makarantarmu. Muka sami farin kwali muka yanyanka, muka zana murabba'i mai santimita biyar a tsakiyar kowanne, muka shafa basilin sama-sama a ciki. A bayan kowane kwali aka rubuta wuri da ranar da aka rataye shi. Na kafa musu sharuɗɗa: duk a rataye su rana ɗaya, a tsayi ɗaya daidai hancin mutum, a sauke su rana ɗaya bayan mako guda. Sannan muka shafa wa kwali ɗaya basilin muka rufe shi a cikin roba mai murfi. Wani yaro ya ce, "Malam, wannan ai asarar basilin ce, me zai kama a rufe?" Na ce shi ne shaidarmu. Idan shi ma ya canja launi, to basilin ɗin ne ke canjawa da kansa, duk sauran sakamakon ya zama banza. Wanda ya fahimci amfanin kwalin da ke cikin roba ya fahimci rabin kimiyya.

Aka rataye ɗaya a ƙofar makaranta da ke fuskantar titi, ɗaya a bayan azuzuwa ƙarƙashin darbejiya, ɗaya kusa da shagon mai cajin waya inda janareta ba ta hutawa, ɗaya a gefen bolar da ake cinna wa wuta. Sauran kowa ya tafi da nasa gida. Kafin a rataye na sa kowa ya rubuta hasashensa, kuma kusan duk ajin titi suka zaɓa a matsayin wanda zai fi baƙi.

Da mako ya cika muka jera su a kan tebur. Na cikin roba yana nan fari. Na ƙarƙashin darbejiya ya ɗan yi ja-ja na ƙura. Na titi ya yi datti sosai, ja da baƙi a gauraye. Na janareta ya yi baƙi mai maiƙo. Amma babu wanda ya kama ƙafar wani kwali da wata ɗaliba 'yar aji biyar ta zaro daga cikin littafinta. A madafin gidansu ta rataye shi, inda ake girki da itace. Kuma ba ta bi umarnina na murabba'i ba. Da tsinke ta ɗebi basilin ta zana huhu biyu da maƙogwaro, yadda yake a littafin nazarin halittu. Ta ce ranar da ta rataye shi babu abin da ake gani, fari ne kawai. A gabanmu kuwa ga huhu nan biyu baƙi wuluk, kamar an zana da gawayi, har rassan ciki sun fito.

Ajin ya yi tsit. Ina jin kowa ya tuna wanda ke tsayawa a wannan wuri a nasa gidan. Mun saba ganin kunkunniya a rufin madafi da bango, mun ɗauke ta wani ɓangare na ginin. Ba mu cika tambayar ina sauran ya tafi ba. Mutum fiye da biliyan biyu a duniya da itace ko gawayi ko makamantansu suke girki, kuma mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙar hayaƙin, har da jaririn da ke goye a baya. Mun fita neman laifin masu motoci, sai kwali ya nuna mana cikin gida.

Na tambaye ta ko ta nuna a gida. Ta ce ta nuna. Mahaifiyarta ta juya kwalin ta sake juyawa, ta ce, "To ke 'yar nan, da me kike so in dafa muku tuwon?" Yarinyar ta ce, "Umma, ni ma ban sani ba." Ni ma da aka kawo mini tambayar ban yi saurin amsawa ba, domin tambaya ce ta gaskiya. Tukunyar gas da cika ta kuɗi ne, kuma ba kowane gida ke da su ba. Duk mai wayar da kan da zai ce wa uwa ta daina girki da itace bai faɗa mata da me za ta yi ba, surutu kawai yake yi. Abin da muka iya tattarawa a aji ƙanana ne: busasshen itace ya fi ɗanye ƙarancin hayaƙi, kada a hura wuta da leda ko tsohon takalmin roba, girki a fili ya fi na cikin rufaffen ɗaki, murhun da ke killace wuta ya fi duwatsu uku cin itace kaɗan, kuma a sauke jariri a ba wani ya riƙe kafin a shiga hayaƙi. Bayan kwanaki ta ce mini an fitar da murhun tsakar gida, ƙarƙashin rumfa, amma idan damina ta zo dole a koma ciki. Yayanta ya yi alkawarin fasa taga a bangon madafin.

Akwai wani abu da kwalayen suka koya mana wanda ban shirya shi a darasi ba, wato bambanta launi. Ja-ja ko fari-fari ƙura ce, baƙi kuwa ƙonewa ce. Ƙurar hunturu ba mu muka haddasa ta ba. Mai yawa daga cikinta daga arewacin Chadi take tasowa, daga wani kwari da ake kira Bodele, busasshen gindin wani tsohon tafki, iska ta kwaso ta ta lulluɓe mu da hazo, wata ma ta tsallake teku har dajin Amazon. Wannan sai dai a sa takunkumi a kiyaye masu asma. Baƙin kuwa namu ne: salansa, janareta, tayar da ake babbaka da ita, bola. Ku ba ku san Kano ta zamanin acaba ba, kafin a hana shi a Janairun 2013 saboda dalilan tsaro. Da yamma a manyan mahaɗar tituna wani shuɗin hayaƙi ne ke tsayawa a sama, na babura masu ƙona fetur haɗe da baƙin mai, ka isa gida idonka ja, rigarka tana wari. Mutanen Fatakwal kuma tun ƙarshen 2016 suka fara wayar gari da baƙin gari a kan motoci da gadaje, wanda aka danganta yawancinsa da tace ɗanyen mai ta haramtacciyar hanya da ƙona wuraren tacewar. Abin da ya ja hankalin sauran ƙasa gare su shi ne hotunan tafin hannu da tafin ƙafar yara da suka riƙa ɗorawa a intanet. Su ma kwalinsu ke nan.

Idan za ku gwada a makarantarku, ku san iyakar abin. Kwalin basilin manyan ƙwayoyi yake kamawa, waɗanda suke da nauyin sauka. PM2.5 ɗin da na ambata yawancinsa wucewa yake yi, sai da na'ura ake auna shi. Don haka farin kwali ba ya nufin iskar wurin lafiya lau take. Akwai ma abin da ba zai taɓa barin tabo a kwali ba ko shekara ya yi a rataye, wato iskar kabon monoksayid da janareta da garwashin gawayi suke fitarwa. Ba ta da launi, ba ta da wari. Tana shiga jini ta kama gurbin iskar da jiki ke buƙata, mutum ya ji ciwon kai da jiri da barci, idan a rufaffen ɗaki ne ya wuce daga barcin. Kun sha jin labarin iyalin da aka wayi gari babu su saboda an kwana da janareta a cikin gida, ko an shiga ɗaki da kaskon wuta an toshe ko'ina saboda sanyi. Na ba 'yan ƙungiyarmu aikin su nemo yadda za a zana abin da ba shi da launi ta yadda mai shago da mai gida za su gane, har yanzu suna ta gardama a kai.

Kwalayenmu suna nan manne a allon sanarwa, kowanne da sunan wurinsa a ƙasa, an rufe su da farar leda don kada a taɓa. Mai cajin waya ya zo da kansa ya duba nasa, ya ce a ba shi sabo ya rataye bayan ya kai janaretar gyara, yana so ya ga ko bakanike ya cuce shi. Za mu sake ratayewa a wurare guda a tsakiyar hunturu, sannan a watan Agusta lokacin da ruwa ke wanke sama, mu jera kashi ukun mu gani.